Tafiyar Perth da waifai na bogi

Taron ma'adinai ne ya kai ni Ostareliya a farkon watan Satumban 2025. Kowace shekara ake yin sa a birnin Perth, sunansa Africa Down Under, kuma a nan kamfanonin haƙar ma'adinai na can suke haɗuwa da gwamnatoci da 'yan kasuwar Afirka. Mu biyu muka tashi daga Kano, ni da wani Alhaji mai sayen ma'adinai, dattijon da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya sha zuwa Dubai da Sin, amma wannan ne karon farko da zai taka Ostareliya.

Bayan sallar asuba muka ɗauki hanyar Abuja da mota. Daga Kano zuwa Kaduna lafiya lau, in ban da shingayen jami'an tsaro inda ake rage gudu a gaisa a wuce. Wajen Kateri da Jere ne muka sha wuya, ana aikin titi, an tara motoci hannu ɗaya, tireloli sun cika hanya. Sai da la'asar ta kawo jiki muka ga Zuba. Muka kwana a Abuja, washegari muka hau jirgi zuwa Doha, tafiyar kusan awa 7.

Jirgi na tsayawa kowa ya ciro waya. Layukanmu na gida sun yi shiru, wanda ya buɗe nasa a ƙasar waje kuma ya san abin da za a ci masa. Alhaji ya miƙo mini tasa ya ce, "Injiniya, samo mana waifai mu gaya wa gida mun sauka." Na haɗa mu da na filin jirgin, muka aika saƙo. A wurin jiran jirgi na ga mutanenmu da dama, 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti da masu wucewa Umara, sun kewaye wani saurayi yana karɓar wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya yana haɗa musu. Babu wanda ya tambaye shi wane suna ya taɓa a jerin. Mu a gida da data muka saba, a saya ta kwana ɗaya ko ta wata, shi kenan. Waifai sai tafiya ta kama mu muke neman sa, kuma muna neman sa ne a gajiye, a ƙagauce, hankali yana wajen iyali.

Daga Doha zuwa Perth kusan awa 11 ne, yawanci a kan teku. Kafin sauka aka raba mana katin da ake rubuta abin da mutum ya shigo da shi. Ostareliya ba ta wasa da batun nama da tsirrai da iri, saboda cututtukan dabbobi da na gona. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi, har biza ana iya sokewa. Alhaji ya zo da kilishi ƙunshi guda, muka rubuta a katin, jami'ar ta buɗe ta duba, ta ba shi haƙuri ta ce nama ba ya shiga, ta ajiye shi gefe. Ba tsawa, ba neman na goro. Aka duba katin rigakafin shawara, kare ya shinshina jakunkuna, muka fita.

Agogonsu ya riga namu da awa 7, kuma lokacin sanyinsu ne yake ƙarewa, iska tana ratsa babbar riga. Tun a filin jirgin na sayi layin ƙasar, aka yi mini rajista da fasfo, dala 30 da data mai yawa. Dalarsu ɗaya a lokacin ta kai kusan naira 1,000, don haka Alhaji ya lissafa ya girgiza kai. Ya ce, "Dubu talatin a kan layin 'yan kwanaki? Ai waifai ko'ina akwai shi a ƙasar nan." Jirgin ƙasa ya ɗauke mu daga filin jirgin zuwa tsakiyar gari.

Masaukinmu ɗan gida ne mai ɗaki biyu da kicin, dala 180 a kwana, muka raba. Shi ya cece mu, domin abincin waje a Perth yana cin aljihu. Farantin shinkafa da kaza a gidan abincin halal ya haura dala 20, kofin shayi ko kofi dala 5 zuwa 6. Sai muka sayi shinkafa da ƙwai da burodi muna dafa na safe da na dare. Abin da ya yi mana daɗi shi ne motocin bas na tsakiyar gari da ake kira CAT, kyauta ake hawa. Garin tsaf yake, ya shimfiɗu a bakin kogin Swan, kuma shaguna da yawa tun kafin magariba suke rufewa, abin da ɗan Kano zai daɗe bai saba da shi ba. Taron kansa jawabai ne da musayar kati da ganawa a gefe.

Ranar Alhamis da rana muka shiga wani ɗan gidan shayi kusa da masauki. Ina amsa kira a waje, na dawo na tarar da Alhaji yana mita, wai waifai ɗin wurin ba ya aiki. Na karɓi wayar na duba jerin. Suna biyu ne na gidan shayin, ɗaya da alamar kwaɗo, ɗayan a buɗe, an ƙara masa kalmar kyauta a ƙarshe, kuma shi ne sandunansa suka cika. Na tambayi yarinyar da ke kanta. Ta nuna mini allo inda aka rubuta kalmar sirri da alli, ta ce nasu guda ɗaya ne, mai kwaɗon, wancan ba ta san shi ba. Na haɗa shi da na gaskiyar, muka sha shayi muka koma taro.

Juma'a muka je masallacin Perth da ke titin William. Tsohon masallaci ne da aka fara ginawa a 1905, da gudummawar musulmi masu raƙuma da suka zo daga yankin Afganistan da Indiya suna kai kaya filayen zinare kafin mota ta zo. Bayan an idar wani matashi ya ga hulunanmu ya matso ya yi sallama da Hausa. Ɗan Zariya ne, yana digiri na uku a fannin tsaron kwamfuta. Ya rantse sai mun ci abincin dare a gidansa.

Tuwon shinkafa ya yi mana da miyar taushe, kabewa da alayyahu duk a kasuwar garin ya samo. Muna ci Alhaji ya ɗauko labarin gidan shayi, a matsayin ƙorafi. Ya ce ya rubuta duk abin da aka tambaye shi, amma shafin ya yi ta juyawa bai ba shi intanet ba. Yaron ya ajiye cokali.

"Baba, me da me kuka rubuta?"

"Imel ɗina mana. Da kalmar sirrinsa. Haka ya ce in sa kafin ya buɗe."

"Kuna amfani da wannan kalmar a wani wuri?"

"Ita ce ta Facebook. Ɗana, wa zai iya riƙe guda goma a ka?"

Ko wanke hannu sosai bai tsaya yi ba. Ya haɗa wayar Alhaji da intanet ɗin gidansa, ya buɗe imel. Ga saƙon gargaɗi nan tun daren jiya, ba a buɗe ba, cewa wata na'ura da ba a sani ba ta nemi shiga asusun. Ya canza kalmar sirri, ya fitar da kowace na'ura in ban da wayar da ke hannunsa, ya kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an saka wata lamba da ake turo wa mai asusun. Facebook ne ya ba mu wuya, domin lambar tabbaci tana zuwa ne a layin gida, layin kuma Alhaji ya bar shi a ƙaramar waya a hannun babban ɗansa. Sai da muka kira Kano ta WhatsApp, can azahar ce, yaron ya riƙa karanto mana lambobi kafin su ƙare. Ina kallon hannun Alhaji, carbi yake ja da sauri. A cikin imel ɗin nan akwai hoton fasfonsa, takardun kamfani, rasit na kaya, da saƙonnin banki na shekara da shekaru. Wanda ya riƙe imel ɗin mutum yana iya neman sabuwar kalmar sirri ta kusan duk wani asusu da aka buɗe da shi.

Da hankali ya kwanta ɗalibin ya ba mu labarin abin da ya faru a garin a 2024. A watan Afrilu ma'aikatan wani jirgin cikin gida suka lura da wani waifai da ya ɗauki kamannin na jirgin alhali ba nasu ba ne, kamfanin ya kai rahoto ga 'yan sandan tarayya. Ranar 19 ga Afrilu aka tare wani mutum ɗan shekara 42 a filin jirgin Perth yana dawowa daga wata jiha, aka buɗe jakar hannunsa, aka sami ƙaramar na'urar yaɗa waifai da kwamfuta da waya. Aka binciki gidansa a unguwar Palmyra, a watan Mayu aka gurfanar da shi. 'Yan sanda sun ce ya yi ta kafa waifai na bogi a filayen jirgin Perth da Melbourne da Adelaide, da cikin jirage suna sama. Fasinja ya taɓa sunan, sai shafi ya buɗe ya nemi imel ko asusun sada zumunta da kalmar sirri, duk abin da aka rubuta kuma yana sauka a na'urar mutumin, wanda wataƙila yana zaune kujera biyu a bayansa.

Na ce masa abin da ban gane ba shi ne yadda waya mai tsada za ta kasa bambance na gaske da na ƙarya. Ya ce, "Kawu, ba ni izini in nuna muku da wayarku." Ya tambaye ni sunan wani buɗaɗɗen waifai da na hau a tafiyar nan, na karanto masa daga wayata harafi da harafi. Ya shiga saitin tasa wayar, ya canza sunan hotsifot ɗinsa zuwa wannan sunan, ya cire kalmar sirri, ya kunna. Ya kashe na gidan. Wayata tana kan tabarma, ban taɓa ta ba. Kafin in kai loma baki alamar waifai ta fito a samanta. Ya juyo mini da fuskar tasa, ga wayata a jerin waɗanda suka hau.

Bayaninsa bai da wuya. Sunan da muke gani a jeri rubutu ne kawai da na'ura ke shelantawa a iska, kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama, babu hukumar da ke rajistarsa. Waya tana ajiye sunan duk waifai ɗin da ta taɓa hawa. Idan buɗaɗɗe ne, ba ta da abin da za ta gwada shi da shi sai sunan, don haka duk inda ta ji shi sai ta hau da kanta. Idan biyu suka zo da suna ɗaya, galibi mai ƙarfin take bi, na ɓarawo kuwa shi ya fi kusa tunda yana cikin jakarsa. Akwai na'urori da ake sayarwa don masu gwajin tsaro, irin su Wi-Fi Pineapple, masu sauraron sunayen da wayoyi ke nema su amsa da wannan sunan. Ana kuma iya aika saƙon da zai tsinke mutum daga na gaske, wayarsa ta shiga neman madadi ta faɗa na bogi. Nan na tuna motocin 'yan wan-cans na Abuja, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi: fentin tasi ne a jiki, direba yana kiran unguwar da kake so, amma fenti ba shaida ba ne.

Na tambaye shi ko ke nan duk wanda ya hau irin wannan an gama da shi. Ya ce a'a, kuma na ji daɗin da bai tsorata mu da abin da ba haka ba. Yawancin shafuka da manhajoji a yau suna kulle abin da ke wucewa tsakaninsu da waya, mai waifai yana iya ganin inda ka je, amma karanta saƙon WhatsApp ko abin da ke cikin manhajar banki ba abu ne mai sauƙi gare shi ba. Shi ya sa suka fi dogara da shafin maraba, wancan da ke buɗewa da zarar ka hau. Mun saba da shi a otal da filin jirgi, yana neman lambar ɗaki ko a danna amincewa, saboda haka idan ya nemi kalmar sirri ba ma jin wani abu ya sauya. Ta nan ake shiga, sai kuma ta shafin da ya ce a sauke wata manhaja ko sabuntawa kafin a ba ka intanet, da gargaɗin da burauza ke yi cewa shafi ba amintacce ba ne mutum ya danna ya wuce.

Ya ƙara da cewa ba ƙauyanci ne ke jefa mutane ba. A 2016 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya yi gwaji a filin jirgin Basalona ta Sifaniya, daidai lokacin da masana wayar salula ke sauka don babban taronsu na shekara. Suka kafa waifai da sunaye irin na filin jirgi da na gidan kofi, cikin awa 4 mutum sama da 2,000 suka hau. Na lura wannan magana ta sanyaya wa Alhaji rai, domin tun ɗazu kunya ta fi tsoro damunsa.

Kafin mu tafi ya bi wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Ya goge tsofaffin sunayen waifai, na otal-otal ɗin Abuja da Dubai da Madina da suka taru shekaru. Ya kashe hawa da kai. Ya ce in muna kan hanya mu riƙa kashe waifai gaba ɗaya sai mun buƙace shi, in mun shiga wuri mu tambayi ma'aikaci ainihin sunan, harkar banki kuma mu yi ta da data. Ya saka mana VPN, manhajar da ke kulle abin da waya ke aikawa da karɓa ta intanet, amma ya ja kunnenmu cewa yana rufe hanya ne kawai, ba zai hana mutum rubuta sirrinsa da hannunsa a shafin ƙarya ba. Da safe Alhaji da kansa ya tashe ni mu je a sayi layi.

Na so in koma gidan shayin in gaya musu, kuma mun koma. Sunan na biyu ya ɓace daga jerin. Mai wurin ya saurare mu da kyau, ya ce zai rubuta a allon cewa waifai ɗinsu ɗaya ne.

Daga nan muka nufi Kalgoorlie, garin zinare, a jirgin ƙasa mai suna Prospector da ke tashi daga tashar East Perth. Tafiyar ta haura kilomita 600, kusan awa 7. Gonakin alkama da farko, sannan jar ƙasa da gajerun itatuwa har iyakar gani. A wurare da dama wani ƙaton bututu yana bin gefen hanya, shi ne ke kai ruwa daga madatsar Mundaring kusa da Perth har filayen zinare tun 1903. Na daɗe ina kallonsa ina tunanin garuruwan haƙar ma'adinai na Zamfara da Neja, inda ruwan sha da ruwan wanke ƙasa suke fitowa daga kududdufi ɗaya. An gano zinare a Kalgoorlie a 1893, yau kuma ramin da ake kira Super Pit ya kai tsawon kilomita 3.5, zurfinsa ya haura mita 600. Daga wurin kallo manyan motocin ɗaukar dutse da ke ƙasa da ƙyar ido ke rarrabe su. A hanya sabis yana zuwa yana ɗaukewa. A masaukin garin Alhaji ya tsaya a kanta ya sa aka rubuta masa sunan waifai a takarda, ya gwada shi da na wayarsa harafi da harafi kafin ya taɓa.

Ranar dawowa mun daɗe a filin jirgin Perth muna jira. Na kunna waifai don in ga jerin kawai. Sunaye sun fi goma, na filin jirgi, na shaguna, na wayoyin fasinjoji, wasu da kwaɗo wasu a buɗe. Da ido babu yadda za a ce wannan na wane ne. Na kashe na koma kan data. A Doha na sake tarar da mutanenmu sun taru ana haɗa musu waya. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta miƙo mini tata ta ce, "Ɗan'uwa, taimaka mini." Na je na karanto sunan daga allon filin jirgin na haɗa ta, na ce, "Hajiya, in wani shafi ya ce ki sa kalmar sirrin imel ko ta Facebook, kada ki sa, ko da sunan wurin nan ne a kansa." Ta ce ita ba ma ta san tata ba, jikanta ne ya buɗe mata. Abin ya dame ni, domin irinta su ne za su miƙa waya a buɗe ga duk wanda ya yi musu fara'a a Jidda ko Alƙahira, kuma masu shirya tafiyar Hajji da Umara da ke yin bita kan komai ba na jin suna taɓo wannan. Minti biyar ya isa a faɗe shi a wurin bita.

Mun sauka Abuja da safe, muka kama hanyar Kano, cunkoson Jere yana nan inda muka bar shi.

A ƙarshen watan Nuwamba ɗalibin nan ya turo mini labarin yadda shari'ar ta ƙare. Binciken na'urorin mutumin ya nuna ba kuɗi ya fi nema ba. Da kalmomin sirrin da ya tara yake shiga asusun mata, yana bin saƙonninsu, yana kwashe hotuna da bidiyonsu na sirri, dubbai aka samu a wurinsa. Bayan an fara bincike ya goge abubuwa da yawa daga ma'ajiyarsa ta intanet, ya kuma yi ƙoƙarin share wayarsa daga nesa. Na karanta ina tuna 'ya'yana mata da ke makaranta, da yadda suke murna duk inda suka sami waifai na kyauta, na kira su a daren muka zauna da wayoyinsu. Kotun gunduma ta Perth ta yanke masa ɗaurin shekara 7 da wata 4, kuma sai ya yi shekara 5 kafin a duba batun sakinsa.